Jariri a Ɗaki, Tsohuwar Akuya a Turke



Kwanakin baya wani magidanci daga wani ƙauye na yankin Ɗambatta ya zo tagar da nake ba da magani a asibiti, ya ajiye mini baƙar leda, ya ce in taimaka in nuna masa wanne ne na yara a ciki. Matarsa ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce. Na zazzage ledar a kan teburi. Akwai ƙwayoyin ƙarin jini na maijego, akwai ɗan bututun man cibiya, sai kuma kwalba biyu masu kama ɗaya, dukansu da takardar ruwan farasitamol na yara a jiki. Ɗaya farasitamol ɗin ne da gaske, wanda aka saya wa yayan jaririn. Ɗayar kuwa da na buɗe, farin maganin tsutsar ciki ne na dabbobi, wanda mai sayarwa a kasuwa ya tsiyaya masa a tsohuwar kwalba domin wata tsohuwar akuyar gidan da ta rame. A daren da ya gabata, in ji shi, jaririn ya yi ta kuka, kakarsa ta laluba cikin duhu ta ɗauko kwalba, har ta cika cokali, sai uwar ta ji warin bai yi mata ba, ta riƙe hannunta.

Allah Ya kiyaye, ba a ba shi ba. Na yi wa kwalbar akuya babbar alama da jan biro, na ce kada ta sake kwana a ɗakin mutane. Sannan na tura shi ya ɗauko jaririn a duba shi, domin jaririn da bai cika wata biyu ba, idan ya yi zazzaɓi ko kukan da ba a saba ji ba, ko farasitamol na gaskiya ba a ba shi a gida sai ma'aikacin lafiya ya gan shi.

Tun daga ranar nake juya zancen ledar nan a raina. Babu wanda ya yi mugunta a gidan. Mutum ne mai tausayin akuyar iyalinsa, da kaka mai tausayin jikanta, tausayin biyu ya haɗu a leda ɗaya. Ra'ayina shi ne, gidan da aka yi haihuwa alhali akwai tsohuwar dabba a cikinsa gida ne mai raunana biyu, kowanne da haƙƙinsa. Hanyar sauke haƙƙin duka biyun kuwa ita ce a raba musu wuri, a raba musu magani, a kuma raba musu mai kula. Ban yarda a kori dabbar ba, ban kuma yarda a bar komai yadda yake kafin haihuwa ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Kano zuwa Bichi, da damina ya san ƙasar nan a cike take. Daga Dawakin Tofa zuwa Makoɗa, daga Minjibir zuwa Kunchi da Tsanyawa, gona na jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa har bakin danga. Ba a barin saura ta huta, makiyaya kuma ta ƙanƙance. Saboda haka daga shuka har girbi awaki da tumaki a turke suke wuni su kwana a cikin gida, yara na yanko musu ciyawa. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar abincinsu su ne takin da ake tarawa a kusurwar gida, a kwashe da rani a mangala ko a amalanke a kai gona. Michael Mortimore, masanin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari, ya nuna cewa takin nan yana cikin manyan dalilan da suka sa ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba ta mutu ba.

Don haka duk mai ba ka shawarar ka fitar da dabbobi daga gida gaba ɗaya bai san rayuwarka ba. Akuya asusun mace ce. Ɗanta ake kaiwa kasuwar Ɗambatta ran Lahadi idan asibiti ya taso, da jikokinta ake haɗa kayan ɗakin ɗiya. Kuma a kusan kowane gida akwai dabbar da ta wuce batun ciniki: akuyar da aka ba amarya ta zo da ita, wadda duk garken daga cikinta ya fito, magen da ta ga haihuwar yara uku, karen da ke kwana bakin rumbu, jakin da ya ɗauki takin gonar tun maigida na saurayi.

Tsufan dabba yana da alamun da ka sani. Akuya tana cika manyan haƙoranta takwas na gaba a wajen shekara huɗu, daga nan sai su fara cinyewa, su yi giɓi, su zube. Wadda ba ta iya tauna busasshiyar harawa za ta rame, wadda ta rame kuma tsutsar ciki da kaska da ƙazwa sun fi samun ta, zawo ya fi yawaita mata. Tsohuwar mage takan daina farauta, ta dawo neman ɗumi. Tsohon kare idonsa da kunnensa sukan yi rauni, gaɓoɓinsa su yi ciwo, haƙurinsa ya ragu. Duk wannan yana jawo abu biyu: ƙazanta ta ƙaru a tsakar gida, magungunan dabbobi kuma su ƙaru a cikin ɗaki.

To, wa ke kula da awaki da kaji a gidajenmu? Mace ce. Ita ce kuma yanzu take cikin jego, kwana arba'in tana wanka, tana shayarwa dare da rana. Idan ba a shirya ba, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai a manta da tsohuwar akuya ta ƙara lalacewa a turke, ko kuma maijego ta riƙa fita tana share turken da hannunta, ta dawo ta ɗauki jariri ta ba shi nono.

Cibiya da taki

Haɗari na farko yana cikin makonnin farko, shi ne cutar sarƙe-haƙora, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau, likitoci kuma tetanus. Ƙwayarta tana zama a hanjin doki da jaki da shanu da tumaki da awaki ba tare da ta dame su ba, ta fita a kashinsu, ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru tana jiran rauni. Cibiyar jariri kuwa, kafin ta faɗi ta warke, buɗaɗɗen rauni ce. Tsumman da aka shanya a dangar turke sannan aka gasa cibiya da shi, tokar murhu, tsohuwar reza, askar wanzamin da ba a canja ba, hannun da bai ga sabulu ba, kowanne ƙofa ne.

Ki kula da wannan alama, ke maijego. Jaririn da ya kama nono lafiya a kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana na 3 zuwa na 28 ya kasa tsotsa, haɓarsa ta ƙage, jikinsa ya sandare, yana zabura idan an taɓa shi ko an yi ƙara, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'a. Sau da yawa abin yakan bayyana dab da ranar suna, gida cike da baƙi, a tsaya ana cewa iska ce ko baki ne. Mafi yawan jariran da cutar ta kama ba sa tashi idan ba su samu kulawa ta musamman ba.

Kariyarta mai sauƙi ce. Mai ciki ta karɓi allurar rigakafinta a wajen awo, aƙalla sau biyu da tazarar mako huɗu, ta biyun a yi ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Macen da ta cika allurai biyar a tsawon shekaru ta samu kariya har iyakar shekarun haihuwarta, kuma kariyar tana ratsawa zuwa ga abin da ke cikinta. Bayan haihuwa a wanke hannu da sabulu, a shafa wa cibiya man kulohekzidin, ɗan bututun nan mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, sau ɗaya kowace rana har ta faɗi, kada a haɗa shi da komai. Na cibiya ne kaɗai. Idan ya shiga ido yana iya makantar da yaro, don haka kada a ajiye shi tare da maganin ido. Kayan jariri kuma a ɗaura musu igiyar shanya tasu, nesa da turke.

Ranar da ya fara rarrafe

Muddin jariri yana goye ko yana kan gado, uwarsa ce katangarsa. Ranar da ya fara zama a tabarma ya miƙa hannu, duk abin da ke ƙasa ya zama abincinsa. A wani bincike da aka yi a karkarar Zimbabwe, aka wallafa a 2013, masu binciken sun zauna a gidaje suna kallon abin da ƙananan yara ke kaiwa baki, suka ga wasunsu suna cin ƙasa har da kashin kaji. Kowace uwa a ƙauyukanmu ta taɓa zaro irin wannan daga bakin ɗanta. Kashin kaji da na zabi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, har da mai jini, ko da kazar lafiyarta ƙalau. Zawon da ke tafiya yana dawowa kuwa yana raunana hanjin yaro, ya ci abinci amma jiki ya kasa amfana.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Dalilan suna da yawa, talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki suna gaba, kuma ba zan ɗora wa kaza laifin duka ba. Amma a cikin dalilan nan, tsakar gida ita ce wadda ke hannunka yau. Ɗigon rigakafin zawon rota da aka shigar cikin jadawalin yara a 2022 yana da amfani ƙwarai, a tabbata yaro ya samu, sai dai ba ya kare shi daga ƙwayoyin da ke cikin kashin dabbobi.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar siminti. Dangar kara mai tsawon ƙugu tsakanin turke da wurin zaman mutane. Akurki mai ƙofa, kada kaji su kwana ƙarƙashin gado ko a madafa. Shara safe da yamma, a tara takin can ƙarshen gida, inda ruwan sama ba zai kwararo da shi bakin ɗaki ko bakin rijiya ba. Tabarma ɗaya ta yaro, wadda ake naɗewa idan ya tashi. Randa a rufe, moɗa a rataye, kwanon ruwan dabbobi daban. Buta da sabulu a bakin turke, duk wanda ya fito ya wanke hannu kafin ya ce a miƙo masa jariri. Idan zawon ya zo duk da haka, a ci gaba da ba da nono, a haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, a ba da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14: miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba, 20 ga wanda ya wuce. Idan akwai jini, ko yaro ya ƙi nono, ko idonsa ya faɗa, ko kuwa ɗan ƙasa da wata biyu ne, sai asibiti.

Mage, ɓera da shinkafar ɓera

Na sha jin ana cewa a kori mage da zarar an yi haihuwa. Akwai gaskiya ɗaya a cikin tsoron: tsohuwar mage tana son ɗumi, tana iya hawa gado ta kwanta a jikin jaririn da bai iya juya kansa ba, ta toshe masa numfashi. Maganin wannan yana rataye a ɗakinki. Gidan sauron da aka soke gefensa ƙarƙashin katifa yana tare sauro, yana tare mage. A ƙara da rufe ƙofa idan jariri na barci shi kaɗai, a kuma yi wa magen shimfiɗar tsumma a zaure ko kusa da rumbu.

Akwai wata cuta da ake ɗauka daga kashin mage, wadda ke iya illata abin da ke cikin mai juna biyu. Amma ƙananan maguna da suka fara kamuwa su ne suka fi zubar da ƙwayarta, na 'yan makonni, kuma kashin sai ya kwana aƙalla ɗaya kafin ya iya harbin mutum. Ke nan tsohuwar magenki ta fi sabuwar 'yar mage aminci ta wannan fuska. Abin yi shi ne wani ya riƙa kwashe kashin kullum, mai ciki ta bar wannan aiki, ta kuma ci naman da ya dahu sosai. Idan gashin magen yana zubewa zagaye-zagaye, makero ne mai yiwuwa, yana kuma kama yara, sai a nuna ta ga malamin dabbobi.

Yanzu duba abin da ke biyo bayan korar mage. Ɓeraye su cika rumbu da madafa, su yi fitsari a hatsi. Ta irin wannan hanya zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yake shiga gidaje daga wani nau'in ɓera. Sai maigida ya sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa a lungu, daidai tsayin hannun mai rarrafe. Ka ga an gudu daga ƙaramin haɗari an faɗa babba. Ko magen ta tsufa ta rage kamu, tarko da rufe abinci da toshe ramuka sun fi guba dacewa da gidan da ke da ƙaramin yaro.

Tsohon kare

Malamanmu sun halatta ajiye kare don gadin gona da dabbobi da farauta, kuma gidaje da yawa a karkara suna da shi. Karen da ya yi shekara goma bai taɓa cizon kowa ba yana iya yin na farko a tsufansa. Ba ya jin takun yaro, ba ya ganinsa sosai, sai kawai ya ji an damƙi kunnensa ko an faɗo kan ƙugun da ke masa ciwo. Fuskar mai rarrafe kuwa daidai bakinsa take. Kada a bar yaro da kare su biyu ko na ɗan lokaci, kada a bari ya matsa masa yana cin abinci ko yana barci. Haka tsohon jaki da ragon da ake turkawa: harbi ɗaya ko tunkuyi ɗaya ya isa.

Babban abin tsoro shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Amma tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa, aka san ana iya tare ta kafin ta bayyana. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka, ana kuma samun allurar a asibitocin dabbobi. Tsufa ba ya ɗauke wa kare bukatarta, a yi masa kowace shekara, magen ma haka.

Idan tsohon karenka ya canja hali farat ɗaya, yana dalala, ya kasa haɗiya, kada ka ce tsufa ne, kada kuma ka sa hannu a bakinsa neman ƙashin da ya maƙale. Killace shi, ka kira malamin dabbobi. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allurai. Kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa, kada a jira a ga abin da zai faru. Karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma allurar mutum ba ta jiran wannan.

Mu koma ga ledar

Nan ne fagena, kuma nan na fi ganin kuskure. Maganin dabba ana auna shi ne da nauyin dabba. Abin da aka haɗa don akuya mai kilo 25 ko sa mai kilo 300 ba abin wasa ba ne a cikin jariri mai kilo 3, wanda hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba. Kada ka yarda a tsiyaya maka maganin dabba a kwalbar maganin yara ko ta lemo. Idan dole ta sa, ka ɓare tsohuwar takardar, ka ɗaura wa wuyan kwalbar jan zare, domin kakar da ba ta karatu ta gane ta ko a duhu. Maganin mutane a ɗaki, cikin kwano mai murfi, a sama. Maganin dabbobi da na feshi a wajen ɗaki, inda ake kullewa. Sirinji da cokalin akuya kada su shiga kwandon wanke-wanke.

Mafi muni a cikin kayan nan shi ne fiya-fiya da danginsa, wanda ake fesa wa turke da akurki don kaska da ƙuma, wani lokaci har a ɗakin kwana don sauro da kuɗin cizo. Guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin su Sniper a kasuwanni da kantuna saboda yawan illar da suke yi, amma har yanzu ana samun haɗin gida a kwalaben da ba su da suna. Kada a fesa a ɗakin maijego. Wanda ya yi feshi a turke ya yi wanka ya canja riga kafin ya ɗauki jariri. Yaron da guban ya taɓa zai riƙa dalala da gumi da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi wuya. A cire masa kaya, a wanke jikinsa, a ruga asibiti tare da kwalbar, domin akwai allurar da ke karya guban. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don yana iya shaƙewa.

Kuskuren yana bin ɗaya hanyar ma. Farasitamol ɗin da ke sauƙaƙa wa ɗanka zazzaɓi yana kashe mage, ƙwaya ɗaya ta isa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak suna ɓata ciki da ƙodar kare, balle tsoho. Kafson nan ja da rawaya da ake zazzagewa a ruwan kaji, ko a ba yaro mai zawo, ba a ba wa yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana ɓata haƙora. Yawan amfani da irinsa barkatai kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Sai batun nama da nono. Dabbar da aka yi wa allura maganin yana zama a jikinta na wani lokaci, kuma kwanakin jira suna rubuce a jikin kwalba. Na allurar nan mai daɗewa a jiki yakan kai mako uku ko fiye kafin a ci naman. Ka tuna da wannan kafin ka yi wa ragon suna allura ana saura kwana biyar, domin maijego ce za ta fi kowa cin naman. Nonon akuya ko na saniya kuwa ba na jariri ba ne. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba ya bukata. Manya ma su tafasa kafin su sha, saboda cutar bakkale da ke sa dabba ɓari, take kuma sa mutum zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi. Idan tsohuwar akuya ta yi ɓari, mai ciki da maijego kada su taɓa ɗan ko mahaifar. Namiji ya sa leda a hannu ya binne su da zurfi.

“Ai haka muka taso”

Na san abin da wani dattijo zai ce: da awaki muka kwana, da kaji muka yi rarrafe, ga mu da ranmu. Gaskiya ne, kuma ina girmama maganar. Har ma bincike a ƙasashen Turai ya nuna yaran da suka tashi a gidajen gona tare da dabbobi ba su cika kamuwa da asma ba kamar na birni. Ƙwai da nono da kuɗin da dabba ke kawowa kuma suna gina yaro. Amma masu cewa ga mu da ranmu su ne waɗanda suka rayu. Tambayi tsohuwar gidanku 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka kai yaye. Sannan a zamaninsu fili yana da yalwa, dabba tana da inda za ta je, kuma babu fiya-fiya, babu shinkafar ɓera, babu kwalaben allura a kowace kasuwar ƙauye. Gidan ya matse, guba ta ƙaru, dole dabara ta canja.

Haƙƙin tsohuwar dabba

Duk abin da na faɗa ba izini ba ne na wulaƙanta dabba. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kai tsohuwar mage bayan gari a buhu, ko barin jaki da gyambo a baya saboda an shagala da hidimar suna, ba halin gidan da ke neman albarka ga sabon ɗa ba ne. Akuyar da haƙoranta suka zube a jiƙa mata dusa, a zaɓar mata laushin harawa, a raba ta da masu ƙarfi lokacin ci. Jakin da ya gaji a rage masa kaya. Idan dabbar da ake ci ta kai inda ba za ta murmure ba, yanka ta ko sayar da ita tun tana da lafiya ya fi a bar ta tana wahala. Wadda kuwa ta faɗi farat ɗaya ba a san dalili ba, kada a yi gaggawar fiɗa a raba wa maƙwabta, a bari malamin dabbobi ya gani. Dabbar da ake kula da ita ta fi tsabta, ta fi haƙuri, ba ta kuma cika bukatar magani ba, don haka kyautata mata kariya ce ga jaririn.

Kai maigida, wannan aikin naka ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata bakwai ka kafa dangar, ka gyara akurki, ka kai kare allura, ka nuna tsohuwar akuya ga malamin dabbobi. Ka faɗi sunan wanda zai riƙe turke har a yi arba'in: kai ne, ko babban ɗanka, ko abokiyar zamanta idan ta amince. Ke kuma kaka, da kika zo taya jego, ki sa a nuna miki kowace kwalba da rana, kada ki ba da magani sai da fitila a hannu.

Magidancin nan ya dawo bayan mako shida, ranar da aka kawo yaron rigakafi. Ya ce kwalbar akuya yanzu tana rataye a rumbu da jan zare a wuya, akuyar ma ta ɗan yi kumari tun da aka fara jiƙa mata dusa. Yau da dare, kafin a kwanta, ka ɗauko ledar maganin gidanka ka zazzage ta a kan tabarma, ka ware na mutane da na dabbobi. Wanda ba ka gane ba, ka kawo mana mu duba.

Allah Ya raya mana abin da aka haifa, Ya ba masu jego lafiya, Ya sanya albarka a turke da rumbu.